Ƙafar Mai Zane a Falon Abba

Wata huɗu cur Abba ya yi yana cewa "za a duba". Sai ranar wata Laraba da safe, yana ɗaura agogo zai fita, ya ce wa Auta ta gaya wa yaron nan mai zane ya zo gida ranar Asabar da la'asar, akwai magana. Ko ɗaga kai bai yi ya dube ta ba. Ita kuwa saura ƙiris kofin shayi ya suɓuce daga hannunta, domin a wata huɗun nan babu irin addu'ar da ba ta yi ba a kan Abba ya yarda ta auri Mai Zane.

Murnar ba ta je ko'ina ba Gwaggo ta tare ta a bakin kicin. Gwaggo yayar Abba ce, kuma tun da Umma ta rasu ita ce mai faɗa a ji a gidan. Tana da nata gidan, tana da nata mijin, amma kullum da sassafe sai ta zo duba abin da ya lalace a gidan ƙanenta. Mijin bai taɓa yin ƙorafi a kan haka ba.

"Wai ke me kika rasa, Auta?" in ji ta, tana yamutsa fuska. "Karatu kin yi, kyau Allah ya ba ki, ga yayanki, ɗana na cikina, yana bin ki kamar zai zauce. Ki rasa wanda za ki kwaso mana sai rabin mutum? Ni fa da na tuna yadda zai cire ƙafar robar nan ya jingine a gefen gado, sai in ji zuciyata tana tashi."

Auta ta ce ai shi ma ba shi ya yi wa kansa ba, babbar mota ce ta take shi.

"To 'ya'yanku fa? In suka ɗauko shi?"

"Gwaggo, ai ba a gadon haɗarin mota."

"Ba a sani ba dai," in ji Gwaggo, ta ja tsaki.

Idon Auta yana kan awarwaron zinaren da ke kaɗawa a hannun Gwaggo duk sa'ad da ta yarfe shi don ƙyama. Ta san inda awarwaron ya fito, ta san inda sabuwar motar Abba ta fito, da kujerun falo, har da kicin ɗin da suke tsaye a bakinsa. Duk daga ƙafafun roba ne, kuma ƙafafun da Mai Zane ya yi wa ado. Ta raɓa Gwaggo ta wuce.

Kamfanin Abba ƙafafun roba yake yi, da sandunan dogarawa da keken guragu. Auta ita ce ƙaramarsu a gida, kuma ita kaɗai ta karanci aikin a cikin 'ya'yansa. Ita ke auna dungun ƙafar da aka yanke, ta naɗe shi da filasta ta ɗauki siffarsa, ta zuba kofin da zai zauna a ciki. Ma'aikata suna ce mata Likita, ko da yake ta gaji da gaya musu ita ba likita ba ce.

Shekara biyu da suka wuce, kamfanin numfashi kawai yake yi. Manya suna karɓar ƙafa su yi haƙuri da ita, amma yara ba su san wannan haƙurin ba. Uwa za ta dawo da ƙafa a cikin leda, sabuwa fil, ta ce yaro ya ƙi sa ta, ƙarƙashin gado yake tura ta, ya gwammace ya ja jiki da a yi masa dariya a makaranta. Kuma gaskiyar yaran ce. Ƙafafun duk launi ɗaya ne, wani irin launi da ba na fatar kowa ba, mai kama da ɗanyen sabulu.

A lokacin ne Mai Zane ya shigo, shi ma a matsayin mai neman ƙafa. Allunan shaguna yake rubutawa, yana zana fuskokin mutane, kafin mota ta raba shi da ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa. Auta ta yi masa ƙafa irin ta kowa. Da ya dawo gyara bayan sati uku, sai ga shi ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya zana wata itaciya a jikin robar, saiwoyinta sun sauka idon sawu, jajayen tsuntsaye sun cika rassanta. Wata yarinya 'yar shekara shida da ta cika ɗakin jira da ihu ta yi tsit, ta rarrafo ta tambaye shi ko tsuntsayen suna cizo. Ya ce sai wanda ya yi mata dariya suke cizo. Nan take ta ce ita kifi take so.

Fentin kifin da ya zana mata bai yi sati biyu ba ya ɓare saboda gumi da wanki. Sai Auta da Mai Zane suka zauna wata guda suna ɓata kaya, har suka gano ya yi zanen a kan siririn ƙyalle, ita kuma ta shimfiɗa shi ƙarƙashin ruwan robar ƙarshe mai haske, yadda ko da soson ƙarfe aka goge ba zai fita ba. Wata rana ta yi masa kukan cewa yara suna sa ƙafar a karkace, dungun yana yin gyambo, ta yi bayani har ta gaji ba sa riƙewa. Ya ce ta nuna masa inda miƙaƙƙen layin yake. Daga ranar duk kifin da ya zana, bakinsa yana kallon babban yatsa, jelarsa tana taɓa ƙoƙon gwiwa. Haka jirgi, haka maciji, haka reshen fure. Yaro ba ya bukatar dogon bayani, an ce masa kifi ya kalli yatsa, shi ke nan. Gyambo ya ragu, ledoji suka daina dawowa, asibitocin da Abba bai taɓa jin sunansu ba suka fara aiko da mutane.

Da aiki ya buɗe, Abba ya ɗauki ɗan Gwaggo ya ba shi ofis da kujera mai juyawa, kowa ya koma kiransa Manaja. Manaja bai taɓa shiga ɗakin awo ba, ya ce warin wurin yana sa shi ciwon kai, shi da ke wanka da turare har sai na kusa da shi ya yi atishawa. A gaban masu zuwa yana ce musu manyan baƙinmu, in sun juya baya ya ce guragun nan. Amma in baƙi suka zo ganin kamfani, shi ne a gaba, yana buɗe hannu yana cewa, "Mu a nan mun haɗa zane da kimiyya," sai ka rantse a mafarkinsa aka nuna masa kifin.

Yadda so ya shiga tsakanin Auta da Mai Zane ba sai an ba da labari ba. Mutum biyu da suka yi shekara biyu kansu a sunkuye kan abu ɗaya, ba abin mamaki ba ne in wata rana sun ɗago sun ga juna.

Daga Larabar nan zuwa Juma'a Auta ba ta fita cin abincin rana ba. Ta kulle kanta a ƙaramin ɗakin aiki, ta sassaƙa soso daidai da kaurin ƙwaurinsa na dama, ta ja masa fatar roba. Sau bakwai tana haɗa launi tana zubarwa kafin ta samu irin na fatarsa, launin da ta haddace daga kallon hannuwansa. Har jijiyoyi ta fitar, har farce ta yi wa yatsun. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, kuma tana yi tana murmushi, tana ganin ta samo dabarar da za ta rufe bakin Gwaggo.

Ranar Juma'a da yamma, da ma'aikata suka ragu, ta kira shi ta buɗe masa.

Ya daɗe yana kallon abin bai taɓa ba. "Wannan fa, Likita?"

"Na gobe ne kawai. Ka san halin Gwaggo."

Ya ce ai Abba ya san ƙafarsa sarai, hotonta ne ma a kan kalandar kamfani. Ta ce ya sani, amma bai taɓa ganinta a kan kafet ɗin falonsa ba, kuma ita so take su dubi fuskarsa ko da sau ɗaya ne, su saurari abin da zai ce. Ta roƙe shi ya yi mata wannan kawai. Da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya zauna a kan bencin awo ya miƙa ƙafar.

Ta durƙusa ta ja fatar daga yatsu zuwa sama. Saiwoyin suka shige, gindin itaciyar ya shige, tsuntsayen suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ya warware ƙafar wandonsa, karo na farko tun da ta san shi, ta sauka har kan takalmi.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce a hankali.

Ita kuwa, baiwar Allah, ta ɗauka godiya ce.

Ranar Asabar ya zo a kan lokaci, cikin fararen kaya, yana takawa ba ɗingishi. Gwaggo ta ƙura wa ƙafafunsa ido, ta dubi wannan ta dubi waccan, a fili take ta manta wacce ce. Hakan bai hana ta nuna masa kujerar roba da ta sa aka ajiye a bakin ƙofa ba, alhali ga manyan kujeru nan babu kowa a kai. Da aka kawo ruwa, kowa kofin gilashi, shi kaɗai na roba. Auta, da Abba ya ce ta zauna tun da ita ma ma'aikaciya ce, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mai Zane ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Abba ya fara da yabo, kuma ya yi shi da yawa. Ya ce shi mutum ne da ba ya manta alheri, ya ce hannun Mai Zane hannu ne mai albarka, ya ce ya ji labarin wani kamfani yana zawarcinsa, kuma shi ba zai so ɗan gida ya koma na waje ba. Saboda haka sun zauna sun yi shawara a kan yadda za a riƙe shi riƙo na har abada, kuma babu riƙon da ya kai na aure. Auta ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

Sai Abba ya ce Manaja ya yi bayani.

Manaja ya gyara zama, ya buɗe wani fayil a kan cinyarsa. Ya tambayi Mai Zane ko ya tuna matar nan mai ɗinki, wadda aka yi wa ƙafar dama bara, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu. Mace ce mai hankali, in ji shi, ga sana'a, ga haƙuri.

"Kai hagu, ita dama," ya ce, yana washe baki. "Za ku fahimci juna fiye da kowa. Babu mai yi wa wani gori."

Auta ta ɗago. Da farko ta zaci kunnenta ne.

Mai Zane ya ajiye kofin a ƙasa. "Ita an tambaye ta?"

Manaja ya yi dariya har kafaɗarsa tana rawa. "Mace mai ƙafa ɗaya da yara biyu, a ce mata ga miji, kuma sai an tambaye ta?"

Bai tsaya nan ba, domin bai ma iso wurin da ya fi burge shi ba. Ya zaro wata takarda ya ɗaga. Kamfani ne zai ɗauki nauyin komai na auren, in ji shi. Mai Zane zai yi zane guda ya raba shi biyu, rabi a ƙafarsa, rabi a ta amarya, yadda in suka tsaya kusa da juna hoton zai haɗu ya cika. Za a ɗauki ƙafafun kawai, ba sai an nuna fuska ba, a kafa a manyan alluna a bakin kowane asibiti. Ya ce ya kwana biyu yana tunanin abin, kuma wannan shi ake kira haɗa fasaha da kasuwanci. Abba yana ta gyaɗa kai, Gwaggo tana kallon ɗanta kamar yau ta haife shi.

Turaren Manaja da ya cika falon ya koma wa Auta kamar warin abin da ya ruɓe. Ta tuna mai ɗinkin, yadda ta yi wata uku tana koyon taka keken ɗinki da ƙafar hagu, yadda take zuwa awo da yaranta a wanke tsaf. Ga shi an baje ta a kan cinyar wani a cikin fayil, ita tana can ba ta san ana yi ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Zane, yana duban Abba, "maganar da na kawo wata huɗu da suka wuce, ta Auta ce."

Abba ya yi gyaran murya. Ya ce Auta yayanta Manaja ya riga shi, kuma shi bai ƙi Mai Zane ba, Allah ya sani. Amma shi mutum ne mai jama'a, yana da abokan hulɗa, akwai wuraren da zai shiga da surukinsa, kuma kowa ya san inda ya dace da shi an fi zama lafiya.

"Kuma kai ma ai ka gane hakan," Gwaggo ta tsoma baki, tana nuna ƙafafunsa da leɓe. "Ka ga yau da ka rufe abin, har ka yi kama da mutane. Ashe ka san abin kunya ne kake yawo da shi a buɗe."

Mai Zane bai dubi Gwaggo ba. Auta ya duba, kallo ɗaya, sannan ya mayar da idonsa ƙasa.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mahaifinta ba, sai ga magana tana zubo mata tare da hawaye.

"Abba, kujerar da kake zaune a kai, ƙafarsa ce ta saye ta. Hotonta yana ofishinka, kana nuna wa baƙi kana alfahari. Ƙafar ta isa a rataye a bango, mai ita bai isa ya sha ruwa a kofin gidanka ba? Yaya ko ɗakin awo ba ya iya shiga, bai taɓa riƙe dungun yaro a hannunsa ba, shi ne zai zauna yana haɗa mutane aure kamar yana haɗa takalmi? Wallahi ina jin ƙyamar zaman nan. Ina jin ƙyamar abincin da na ci a gidan nan yau."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta fara salati. Manaja ya rufe fayil ɗinsa yana cewa a yi mata uzuri, yarinta ce. Abba kuwa bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro.

"Ban taɓa yi miki dole ba, Auta, yau ma ba zan yi ba," ya ce. "Shekararki ashirin da bakwai, kin san abin da kike yi. In shi kika zaɓa, ki nemi wani uban ya tsaya miki, ki kuma ajiye mini makullin ɗakin aikina."

Mai Zane ya miƙe, ya rusuna ya yi wa Abba godiya a kan kiran da ya yi masa. Ya ce mai ɗinki mutuniyar kirki ce, kuma roƙonsa ɗaya, kada wannan maganar ta kai kunnenta, domin ba ta yi musu laifin da za a ci mata fuska haka ba. Ya ce akwai yara tara da ya yi wa alkawarin zane, zai gama musu, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ya yi sallama ya fita.

Gwaggo tana kiran Auta tana cewa in ta fita ba da yawunta ba, amma Auta ta riga ta kai tsakar gida.

A bakin get ta same shi. Ya zauna a kan dakalin siminti, ya naɗe ƙafar wandonsa, yana jan fatar robar daga gwiwa zuwa ƙasa. Rana ta yi sanyi, layin ya cika da masu dawowa daga aiki. A ƙofar shagon da ke tsallake, dattawan layin, abokan hirar Abba, suna zaune a kan bencinsu kamar kullum.

"Don Allah ka yi haƙuri," ta ce. "Ban san abin da suka shirya ke nan ba. Da na sani, da ban bari ka taka gidan nan ba."

"Na san ba ki sani ba."

"To ka dube ni mana."

Ya cire takalmin, ya zare fatar daga yatsu, ya mayar da takalmin. Sannan ya ɗago.

"Maganar Gwaggonki ba ta yi mini zafi ba, Likita. Tun ranar da na farfaɗo a asibiti nake jin irinta. Manaja kuwa ba ya ganin mutum, allo yake gani. Abba uba ne, yana tsoron bakin mutane. Duk na san da su kafin in zo." Ya ɗaga fatar. "Amma a cikinsu babu wanda ya zauna kwana uku yana haɗa launi don ya ɓoye ni."

"Don kai na yi. Wallahi don kai na yi."

"Shekara biyu muna gaya wa yara kada su ɓoye. Da bakinki kike ce wa iyayensu su daina saya musu dogayen safa. Da ta zo kan wanda za ki aura, sai kika yi masa safar da ta fi ta kowa kyau."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta ce tana son sa, ta ce ai ya ji abin da ta gaya wa Abba, ta zubar da komai a gabansa, uba da aiki da gida, me kuma ya rage da bai gani ba? Ta ce in kuskure ta yi, to kuskuren mai tsoron rasa shi ne. Ta maimaita ta sake maimaitawa har maganar ta daina fita sosai.

Ya bar ta ta yi mai isarta. Shi ma idonsa ya yi ja.

"Na ji abin da kika ce, kuma ba zan manta ba har in mutu," ya ce. "Amma a falo ne, ƙofa a rufe, mu biyar. Ni ba na shakkar kina so na. Abin da ban sani ba, jiya da kika durƙusa kina rufe tsuntsayen nan, kunyar Gwaggo kike ji ko taki."

"Ta Gwaggo."

"To shi ke nan." Ya ajiye fatar a kan dakalin, ya miƙe, wandon a naɗe har gwiwa, jajayen tsuntsayen suna ɗaukar ido. "Tasha tana ƙarshen layin nan. Raka ni, haka nan yadda nake, kafaɗa da kafaɗa. In kin kai ni, sauran duk mai sauƙi ne. Aiki hannunmu ne, ko'ina za mu yi shi. Abba kuma zai huce."

Auta ta share hawayenta, ta buɗe baki za ta ce mu je. Har ga Allah abin da za ta ce ke nan. Amma idonta ya riga bakinta. Ya tsallaka titi ya sauka a kan bencin dattawan, ya hau tagar benen maƙwabta inda labule ya ɗan motsa, sannan ya dawo kan ƙafarsa. Duka bai fi ƙiftawa biyu ba.

Ya gani.

Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya gyaɗa kai kawai, irin na wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani, ya juya ya kama hanya. Dattawan suka katse hirarsu suna bin sa da kallo, ya ɗaga musu hannu ya gaishe su, ya ci gaba da tafiya a tsakiyar layin.

Ƙyamar da ta wuni tana cin Auta ta dawo mata gaba ɗaya, wannan karon babu Gwaggo ko Manaja da za ta ɗora wa. Ta taka sau ɗaya ta tsaya. Ta kira shi, amma a hankali, yadda na kan bencin ba za su ji ba.

Shi ma bai ji ba.